"Allah Ya Sa Halinsa Ya Bi Shi": Wannan Ba Addu'ar Mai Bi Ba Ce



Ina da ƙara da zan kawo gabanku, kuma a kanmu take, mu 'yan gida. Ranar Lahadin Ista majami'unmu suna cika har waje. Mawaƙa sun sha sabon anko, ganga tana tashi, mata zumunta suna guɗa, mai jagorar sujada ya ce Yesu ya tashi, jama'a su amsa da murya ɗaya har kwanon rufi yana rawa. Bayan kwana huɗu ko biyar sai a yi rasuwa a unguwa, mutanen nan dai su sake taruwa ƙarƙashin rumfa a ƙofar gidan makoki. Ka kasa kunne ka ji abin da ke fitowa daga bakinmu: "Allah ya ji ƙansa." "Allah ya gafarta masa kurakuransa." "Allah ya sa halinsa nagari ya bi shi." "Allah ya sa can ya fi nan." A Facebook da WhatsApp kuwa hoton mamaci ne da kyandir a gefe, da haruffa ukun nan na RIP, sai ɗaruruwan "Amin" a ƙasa. Ka nemi tashin matattu cikin wannan duka, da ƙyar ka same shi. An rera shi ranar Lahadi, an naɗe shi tare da anko an jefa cikin akwati sai baɗi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kana son sanin abin da ikkilisiya ta gaskata da gaske game da mutuwa, je ka gidan makoki ka ji gaisuwarta.

Bari mu ɗauki guda ɗaya mu juya ta da kyau: Allah ya sa halinsa nagari ya bi shi. Me mai wannan addu'a yake nufi? Yana nufin ɗan'uwan nan ya tafi gaban shari'a, ba a san yadda za ta kaya ba, abin da zai fishe shi kuwa shi ne kirkin da ya yi a duniya. Yana gaida manya, ya biya wa marayu kuɗin makaranta, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Saboda haka muna roƙo wannan kirki ya biyo shi ya tsaya masa. Magana ce mai daɗin ji, mun kuma san inda muka same ta. Harshe ɗaya muke yi da maƙwabtanmu Musulmi, kasuwa ɗaya muke ci, sau da yawa tabarma ɗaya muke zama a makoki. Su sun gaskata akwai awon ayyuka ranar ƙiyama, sun kuma gaskata addu'ar masu rai tana amfanar mamaci. In sun yi irin wannan roƙo, abin da suka gaskata suke faɗa, ba ni da ta cewa a kansu. 'Yan Katolika ma suna yi wa matattu addu'a domin koyarwarsu ta ce akwai wurin tsarkakewa bayan mutuwa, bakinsu da koyarwarsu sun yi daidai. To mu fa? Mu 'yan ECWA, COCIN, EYN, HEKAN da Baftis, da aka koya mana tun ajin baftisma cewa ceto ta wurin alheri ne, ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba? Ɗaya cikin biyu ne: ko muna faɗar abin da ba mu gaskata ba, ko kuwa a hankali mun koma gaskata abin da muke faɗa. Na biyun ya fi ba ni tsoro.

Hausawa sun ce hali zanen dutse. In hali zai bi mutum har gaban Allah, ai ba rabinsa zai bi ba. Wanda aka karanta cikin tarihin mamaci ranar jana'iza zai bi, wanda matarsa kaɗai ta sani zai bi, wanda babu mai sani sai shi da wayarsa da tsakar dare, shi ma zai bi. Wane ne cikinmu yake so a yi masa wannan addu'a, Allah kuma ya amsa? Dawuda ya ɗauke matar Uriya, ya sa aka tura mijin bakin dāga aka kashe shi. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya. Bulus yana tsaye yana tsaron rigunan waɗanda suka jejjefi Istifanas. Ga kuma ɗan fashin nan da aka gicciye kusa da Yesu cikin Luka 23. Wane hali nagari ne zai bi shi? Hannuwansa a kafe suke, ba damar ba da sadaka, ba damar mayar da abin da ya ƙwace, ko ruwan baftisma bai taɓa ba. Ya amsa laifinsa, ya roƙi Yesu ya tuna da shi, aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar nan. Da halinsa aka sa ya bi shi, da ya shiga uku.

Na san akwai mai karatun Littafi da zai ɗaga hannu ya ce, ai Ru'ya ta Yohanna 14:13 ta yi maganar ayyuka suna bin matattu. Gaskiya ne, amma a karanta ayar duka. Tana magana a kan waɗanda suka mutu cikin Ubangiji, kuma ta riga ta kira su masu albarka kafin ta ambaci aikinsu. Ayyukan nan daga baya suke tafe, kamar kayan amarya da ake kawowa bayan ita ta riga ta shiga ɗakinta. Kayan suna da daraja, za a kuma yaba su, amma ba su ne suka ɗaura auren ba. Akwai lada domin hidimar mai bi, Littafi bai ɓoye wannan ba. Ƙofar dai wani ne ya buɗe ta.

A nan ne tashin Almasihu yake shigowa, kuma a nan nake so mu daɗe kaɗan, domin da yawa cikinmu mun ɗauki tashin kamar kyakkyawan ƙarshen fim ne kawai: jarumi ya sha wuya, daga baya ya yi nasara, kowa ya tafa. Bulus bai ɗauke shi haka ba. A ƙarshen Romawa 4 ya haɗa mutuwar Yesu da laifofinmu, ya haɗa tashinsa da baratar da mu, wato Allah ya lasafta mu marasa laifi a gabansa. Cikin 1 Korantiyawa 15 ya fi haka zafi. Ya ce da Almasihu bai tashi ba, da wa'azinsu aikin banza ne, da su manzanni shaidun zur ne, da masu bi suna nan tsundum cikin zunubansu, waɗanda suka riga suka mutu da bangaskiya kuma sun hallaka ke nan. Dubi yadda ya ɗaure maganar zunubi da kabarin da aka tarar babu kowa a ciki.

Ga misali daga abin da muka sani. Mutum ya ci bashin da ya fi ƙarfinsa, wani ya tsaya masa. Ranar biya ta zo, ba kuɗi, aka kama wanda ya tsaya masa aka kulle. Muddin mutumin nan yana tsare, mai cin bashi ba shi da barci, don ya san maganar ba ta mutu ba. Ranar da ya hango shi yana yawo a kasuwa, hannu ba ankwa, alƙali da kansa ne ya sa aka buɗe masa ƙofa, ranar ce zai san an biya har kwabon ƙarshe. Yesu ya tsaya mana. Hakkin zunubi mutuwa ne, ya shiga cikinta a madadinmu. Da ko zunubi ɗaya ya rage ba a biya ba, da kabari yana da ikon riƙe shi. Allah ya tashe shi a rana ta uku, wannan shi ne rasit ɗinmu. To, wanda ya mutu yana riƙe da rasit, me ya sa muke tsaye a bakin kabarinsa muna roƙon a yafe masa bashi? Wannan ba tawali'u ba ne. Cewa muke yi ba mu tabbata kuɗin da Yesu ya biya sun isa ba.

Kada mu manta cewa gyaran ikkilisiya da ya haife mu, mu Furotesta, a kan maganar matattu ya samo asali. A shekarar 1517 wani mai wa'azi, Yohanna Tetzel, yana yawo a ƙasar Jamus yana sayar da takardun gafara, ana gaya wa talakawa kuɗinsu zai fito da iyayensu da suka mutu daga azabar wurin tsarkakewa. Wani kaso na kuɗin yana tafiya ginin majami'ar Bitrus a Roma. Wa zai ji an ce uwarsa tana cikin wuta ya riƙe kuɗi a aljihu? Martin Luta, malamin tauhidi a Wittenberg, ya rubuta batutuwa 95 a ƙarshen watan Oktoba na shekarar yana ƙalubalantar wannan ciniki, daga nan gyaran ikkilisiya ya kama. Bayan shekara arba'in da shida, a 1563, aka fito da Katikisim na Heidelberg, wanda ya yi tambaya a kan amfanin da tashin Almasihu ya yi mana, ya ba da uku: ya ci nasara a kan mutuwa domin ya ba mu rabo cikin adalcin da ya samo, an tashe mu zuwa sabon rai tun yanzu, tashinsa kuma jingina ce ta namu tashin. Waɗannan mutane sun sa wuyansu a kan wannan magana. Mu kuwa muna mayar da ita da bakinmu a kowane makoki, ko Tetzel bai zo ba.

Ibraniyawa 9:27 ta sa mutuwa sau ɗaya, shari'a a bayanta. Babu zangon jira a tsakani inda addu'armu za ta canja hukunci. Wanda ya mutu cikin Almasihu ba ya bukatar roƙonmu, yana tare da Ubangijinsa, abin da Bulus ya gaya wa Filibiyawa ya fi zaman duniya nesa ba kusa ba. Wanda ya mutu yana ƙin Almasihu kuwa, roƙonmu ba zai kai gare shi ba. Kowace ta kasance, masu bukatar addu'a su ne waɗanda suke zaune a kan tabarma suna kuka.

Akwai kuskure na biyu, wannan ma ya fi yawa a bakin matasa da masu rubuta kalaman ban kwana cikin takardar jana'iza. "Ta zama mala'ika." "Ya yar da tsohuwar riga ya tafi gida." Sai ka ce jikin nan da aka sa a akwati kwalin kaya ne da aka gama da shi. Mutum ba ya zama mala'ika, halitta biyu ce dabam. Jiki kuma ba shara ba ne. Wannan tunani na Helenawa ne, shi Bulus ya tarar a Atina. Sun saurare shi a Tudun Arasa yana maganar Allah Mahalicci, da ya ambaci tashin matattu sai waɗansu suka fashe da ba'a. Rai ya rabu da jiki ya huta, wannan da yawa cikinsu za su iya haɗiyewa. Jiki ya dawo? Wannan ne ya zame musu abin dariya. Irin wannan iska ce ta shiga ikkilisiyar Koranti, har Bulus ya zauna a Afisa, shekara ashirin da ɗoriya bayan gicciye, ya rubuta musu sura mai aya 58 a kan wannan batu kaɗai. Ya jera shaidu da suna, Bitrus, sha biyun, Yakubu, ya ambaci fiye da mutum 500 da suka gan shi a lokaci ɗaya, ya ƙara da cewa yawancinsu suna da rai. Wato mai shakka ya je ya tambaye su. Luka ya ce Yesu ya nemi abinci, aka ba shi gasasshen kifi ya ci a gabansu. Yohanna ya ce ya nuna wa Toma gurbin ƙusoshi. Fatalwa ba ta cin kifi.

Bulus ya kira shi nunan fari. Duk wanda ya taɓa noma ya san wannan. Ranar da aka karyo masarar farko daga gona aka gasa wa yara, ba a cika rumbu ba tukuna, amma maigida ya san shekara ta yi. Wadda aka karyo da wadda ta rage a gona iri ɗaya ce. Abin da ya faru da jikin Yesu, shi zai faru da jikin kowane nasa. Binnewa kuma Bulus da shuka ya kwatanta ta. Manomi ya ɗebi gero daga ɗan abin da ya rage a rumbu, a lokacin da abinci ya yi ƙaranci a gida, ya je ya tona ƙasa ya rufe shi. Wanda bai san noma ba zai ce ya yi hasara. Shi ya san abin da yake jira.

Wani zai ce wannan gardamar malaman tauhidi ce, ko da jiki ko ba jiki ai sama ɗaya ce. Mai faɗar haka bai taɓa tsayawa a bakin kabarin bai ɗaya ba. A jajibirin Kirsimeti na 2023 an auka wa ƙauyuka a ƙananan hukumomin Bokkos da Barkin Ladi, aka kashe mutane fiye da ɗari. A Kudancin Kaduna, a Binuwai, a Borno da Adamawa, akwai iyalan da suka binne abin da wuta ta rage, akwai waɗanda ko gawa ba su samu ba. A watan Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN, akwai iyayen da suka mutu suna jira. Cikin watan Oktoba na shekarar aka mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi. Je ka wurin uwar da ta haifi yaro, ta goya shi, ta san kowane tabo a ƙafarsa, ka ce mata jikin nan ba kome ba ne. Abin da bishara take gaya mata ya fi wannan nauyi ƙwarai: hannun nan da aka sare, Allah zai mayar da shi, fuskar nan, za ki sake ganinta, mai takobi bai yi maganar ƙarshe ba. Ru'ya ta Yohanna 20 ta ce har teku za ta fito da matattun da ke cikinta. Wanda ya yi Adamu daga turɓaya ba zai rasa inda toka ta faɗi ba.

A watan Janairu 2020 Boko Haram ta kama Rabaran Lawan Andimi na EYN, shugaban CAN na Michika. Cikin bidiyon da suka fitar ya yi magana a natse, ya nuna yana sa zuciya zai sake ganin iyalinsa, in kuma ba a ba shi wannan ba to ya bar wa nufin Allah, ya roƙi mutanensa kada su yi kuka, su gode wa Allah. Kafin watan ya ƙare suka kashe shi. Ku gaya mini, wanda ba shi da tabbacin inda za shi, yana jiran a auna halinsa, zai zauna a gaban masu kisa da irin wannan natsuwa? A wurin Bulus kuma tashin Yesu shi ne tabbacin da Allah ya bayar cewa ya sa ranar shari'a, haka ya gaya wa mutanen Atina. Saurayin da ya gaskata wannan ba sai ya tare hanya ya kashe matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, wai ramuwa. Akwai alƙali, akwai rana. Ramuwar gayya a kan marar laifi aikin wanda ya yanke ƙauna ne, ko da yana ɗauke da sunan Kirista.

Yanzu ga masu wa'azin da suka mai da Ista kasuwa. Kun ji su a rediyo, kun ga fastocinsu manne a bango. Yesu ya tashi, don haka shagonka da ya mutu zai tashi, aurenki da ya kwanta zai tashi, bizarka za ta tashi, ka shuka iri kawai. Ka furta cewa mutuwa ba rabonka ba ce. Ba na ƙin a roƙi Allah aiki ko lafiya, Yesu da kansa ya koya mana roƙon abincin yini. Amma Bulus ya faɗa a aya ta 19 cewa in begenmu ga Almasihu a wannan rai ya tsaya, to babu abin tausayi a duniya kamarmu. Mutanen nan sun ɗauki abin da manzo ya kira abin tausayi sun mai da shi taken taro. A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara ƙasar nan, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida. Da ma'aunin masu shuka iri, waɗannan ba su da bangaskiya. Daga aikin nan ne aka sami SIM, daga SIM aka sami ECWA.

Illar wannan koyarwa a gidan makoki take bayyana. In an koya wa mutane cewa mai bi na gaskiya ba ya mutuwa da ƙuruciya, ranar da saurayi ya faɗi dole a nemo wanda ya ci shi. Sai a fara kallon tsohuwar da ke ƙarshen gida. Sai a fara raɗa a kan matarsa. Wani mai addu'a ya zo ya ce an nuna masa. Gwauruwar da ya kamata ikkilisiya ta rungume, a kore ta da 'ya'ya a ƙwace gona. Yaro maraya a ce maye ne. Waɗannan abubuwa suna faruwa a cikin gidajen da ake rera waƙoƙin Ista, kuma tushensu ɗaya ne da na gaisuwar da muka fara da ita: an ɗauki kabari a matsayin ƙarshen magana, don haka ko a yi ta roƙo a bakinsa, ko a nemi wanda za a huce a kansa.

Za a ce mini, ai gaisuwa ce kawai, ba wanda yake tunanin tauhidi lokacin da ya ce Allah ya ji ƙansa. Na yarda ba mugunta a ciki, ƙauna ce take sa a faɗa, ban kuma ce a tashi a gidan makoki a yi wa tsohuwa gyaran magana ba. Wanda ya yi haka bai da kunya. Amma ku tuna wa yake sauraro. Yarinya 'yar shekara goma da aka binne babanta, za ta ji wa'azin fasto sau ɗaya na minti talatin, ta ji "Allah ya gafarta masa" sau ɗari uku cikin kwana bakwai. Wanne zai zauna mata? Za ta girma tana zaton babanta yana wani wuri ba tabbas, ita ma haka za ta tafi. Da irin wannan ake yin Kiristocin da in ka tambaye su ko suna da ceto, sai su ce, to, muna dai ƙoƙari.

Tambaya mai wuya ita ce ta wanda ba mu san yadda ya ƙare da Allah ba. Sunansa yana cikin littafin ikkilisiya, amma shekara goma ba a gan shi ba, an san kuma irin zaman da ya yi. A nan shugabanninmu sukan yi ɗaya cikin biyu. Wani ya tura shi sama kai tsaye don iyalin masu hali ne, samarin da suka san shi suna zaune a baya suna murmushi, sun koyi cewa bagade ma yana ƙarya. Wani kuma ya tsaya a gaban uwar mamaci ya jefa ɗanta wuta don ya tsorata jama'a. Ba a ba mu ko ɗaya cikin mabuɗan nan ba. Ba mu san abin da ya gudana tsakaninsa da Allah a sa'ar ƙarshe ba, ɗan fashin nan ya isa ya hana mu yanke hukunci, ɗan'uwansa da ke ɗaya gicciyen kuma ya isa ya hana mu yin ƙaryar tabbaci. Ibrahim ya dogara ga cewa Mai shari'ar dukan duniya zai yi daidai. A bar mamaci a wannan hannu, a yi wa masu rai shelar Almasihu da ya tashi.

Kada kuma wani ya fahimce ni cewa bege yana hana kuka. Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo, wai bikin murnar rayuwa: anko kala biyu, riguna masu hoton mamaci, gawa ta yi wata biyu a ɗakin ajiya ana tara kuɗi, a yanka saniya, a ci bashin da marayu za su biya. In gwauruwa ta yi kuka a ce mata ta yi shiru, Kirista ba ya kuka. Wa ya ce? Yesu ya tsaya a kabarin Li'azaru, ya san cikin 'yan mintoci zai kira shi ya fito, duk da haka ya zub da hawaye. Masu tsoron Allah da suka binne Istifanas sun yi masa makoki mai zafi. Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, irin na marasa bege ya hana su. Mutuwa abokiyar gaba ce, haka 1 Korantiyawa 15:26 ta kira ta, ita ce kuma ta ƙarshe da za a kawar. Ba a yi wa abokin gaba kwalliya. A bar mutane su yi kukansu.

Na kawo ƙarar nan gabanku ne, matasa, domin jana'iza a hannunmu take. Mu ke haƙa kabari. Mu ke ɗauko kujeru da rumfa, mu ke ɗaukar akwati, mu ke tsaye a ƙungiyar mawaƙa. Mu ake ba wa takardar shiri mu kai wurin bugawa, mu ke fara sa hoto a intanet tun kafin dangi na nesa su ji, abin da shi ma ya kamata mu daina. Kalmomin da ake rubutawa a ƙarƙashin hoton nan, yatsunmu ne suke rubuta su. Ba sai mun jira babban taron ikkilisiya ya zartar da doka ba.

In mai bi ne ya rasu, akwai abin faɗa da Hausa mai kyau. "Sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ku." "Yana wurin Ubangiji, sai mun sadu a tashin matattu." "Mun gode wa Allah domin ransa, Allah ya riƙe marayu." Dattawanmu da yawa har yanzu suna cewa wane ya yi barci cikin Ubangiji, kalmar da Bulus ya yi amfani da ita ke nan, mai barci kuwa ana sa ran farkawarsa. In maƙwabcinmu Musulmi aka yi wa rasuwa, mu je, mu zauna, mu ce sannu da haƙuri, Allah ya ba da dangana, Allah ya raya abin da ya bari. Ba ƙarya a cikin wannan, ba kuma cin fuska.

Ina roƙon shugabannin zumunta su sa 1 Korantiyawa 15 a nazarin Littafi na makonni huɗu masu zuwa, a raba ta kashi huɗu, a karanta da Hausa a bayyane. Mawaƙa su duba waƙoƙin da suke kaiwa makoki, su ƙirga nawa ne suke ambaton tashi daga matattu. Sa'an nan wanda aka ba aikin buga takardar jana'iza ta gaba, kafin ya tafi wurin mai kwamfuta, ya zauna da iyalin da fasto su duba abin da za a rubuta a bangon gaba.